Na Ci Ƙarfin Suga, Amma Na Gudu Daga Kwanon Kawuna

Hajiya Mahfuza, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali kada wasiƙar nan ta daɗe a layi, domin maganar ƙafar mutum ce, mutumin da ba ni da kamarsa a ƙasar nan. Na rubuta na goge ya fi sau biyar. Rabin labarin nan farin ciki ne zalla, har ji nake kamar in hau saman bas ɗina in yi shela. Ɗaya rabin ne ya hana ni sakat.

Ni ɗan Kano ne, shekarata talatin da takwas, direban bas a wani kamfanin gine-gine a Dubai. Da sassafe in kwashi ma'aikata daga masaukinmu na Muhaisnah, wanda kowa ke kira Sonafur, in kai su wurin aiki, da yamma in dawo da su. Shekara shida ke nan ina wannan. Wanda ya kawo ni kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, Alhaji Ɗantani, mai shagon kago, wato tura kaya zuwa gida, a unguwar Naif. Shi ya nema min biza, a gidansa na yi watanni biyar na farko, shi ya tsaya min har na samu lasisin babbar mota. Mahaifina ya rasu tun ina firamare, saboda haka in na ce Kawu, uba nake nufi.

Wata bakwai da suka wuce, wajen gwajin lafiyar da ake yi mana mu direbobi, aka ce ina da ciwon suga. Dama na jima ina ɗirkar ruwa ina tsayawa fitsari a kowane gidan mai, amma na ɗora wa zafin garin nan laifi. Likitar ta nuna min sakamakon gwajin nan da ke nuna yadda suga ya zauna a jini tsawon wata uku. Nawa tara da ɗigo huɗu, ta ce so ake in sauko ƙasa da bakwai. Ta rubuta min ƙwaya, ta ba ni wata takardar abinci da na ninke na cusa a aljihun mota ban ko duba ba. Kamfani kuma ya ba ni wata shida, in abin bai daidaita ba a sauke ni daga sitiyari a mai da ni gadin yadin da ake ajiye motoci. Ina da mata da 'ya'ya uku a Kurna, kin ga kuwa ba ƙaramin tashin hankali na shiga ba.

Wurin Kawu na fara zuwa, domin shi ya shekara goma sha huɗu da ciwon. Sai na bayyana miki wata al'ada tamu kafin ki gane sauran. Duk Juma'a, wadda ita ce ranar hutuna, bayan an sauko daga masallaci mukan haɗu a gidan Kawu da ke Muraƙƙabat, mu kamar goma, duk 'yan Kano. A shimfiɗa leda a falo, a dire babban tiren shinkafar biriyani, kowa ya sa hannu. Kawu shi kaɗai ne ba ya cikin tiren. Yana da wani kwanon samira da ya zo da shi daga gida, a ciki ake jera masa parota da miyar kaza. Parota wata gurasar Indiyawa ce mai falle-falle, ga laushi ga maiƙo, in ka fara ci ba ka san lokacin da za ka tashi da huɗu ba.

Da na faɗa masa abin da likita ta ce, dariya ya yi, ya ce ashe gadon gidansu na ɗauko. Ya ce in kwantar da hankalina, dokar ciwon nan guda ɗaya ce tak: shinkafa abokiyar gaba, alkama magani. A gida mai suga tuwon alkama yake ci, a nan tunda babu tuwon, ga gurasar Indiyawa nan, ita ma alkama ce. Ranar kuwa Juma'a ce, a gaban kowa ya kira sunana ya ce in taso daga tiren in zauna kusa da shi. Hajiya, ke Bahaushiya ce, kin san abin da wannan yake nufi. A shekara shida ban taɓa ganin hannun wani a kwanon nan ba, har ɗansa na cikinsa da ya zo hutu a tire ya ci. Da hannunsa ya yago parota ya turo min gefena. Wallahi sai da na sunkuyar da kai don kada a ga ƙwalla.

To na riƙe maganar Kawu hannu bibbiyu. Parota uku da safe, huɗu da rana, huɗu da yamma, wani lokaci in ƙara ɗaya don ƙarin lafiya. Ina kallon masu cin shinkafa a kicin ɗinmu ina jin tausayinsu. Shayin karak kuwa kofi biyar nake sha a rana, tunda ban taɓa ɗaukar cokali na zuba suga da hannuna ba, na ɗauka na tsira. Ashe tun a tukunya ake dafa shi da suga da madara. Bayan wata uku na koma asibiti ina taƙama, har da sa sabuwar riga. Sakamako ya fito goma da ɗigo ɗaya. Likitar ta tambaye ni ko ina shan ƙwayar kuwa. Na ce ko sau ɗaya ban tsallake ba, kuma kwana casa'in rabona da ƙwayar shinkafa. Ta ce to me nake ci. Da na lissafa mata, sai ta ajiye biron hannunta.

Likitar Ba'indiya ce, ta san abincin ciki da waje. Ta yi min bayani a hankali cewa parota da farar fulawa ake yin ta, wadda aka cire wa dusa tas, kuma a jiki nan da nan take komawa suga. Ta ƙara min ƙarfin magani, ta sa na sayi ɗan injin gwajin nan na huda yatsa. Ta ce in riƙa gwadawa kafin cin abinci da kuma awa biyu bayan na ci, in rubuta abin da na ci da lambar da ta fito. Saura wata uku wa'adina ya cika.

A masaukinmu akwai kicin na haɗaka, wani dattijo ne ke mana girki, sunansa Mubashir, mutumin wani ƙauye kusa da Haidarabad a Indiya. Hirarmu da shi gutsuren Larabci ce da gutsuren Indiyanci, sauran mu cike da hannu. Ya ga ina huda yatsa a bakin kicin, ya tambaya, na nuna masa takardar asibiti. Ya ce mahaifiyarsa ma ciwon ke gare ta, shekararta tamanin tana nan da ƙafarta. Ya ja ni ɗakin ajiya ya kwance bakin wani buhu. Hajiya, dawa! Tun kafin in gani ƙamshin ya faɗa min. Ya buɗe wani, gero. Ya buɗe na uku, tamba. Su jowar da bajara da ragi suke ce musu, kuma gurasa suke yi da garinsu, ba mai ba komai, a gasa a kan kasko. Na yi dariya har sai da na zauna a kan buhun albasa. Ni da nake kuka in an yi tuwon dawa a gidanmu ina yaro, na ƙetaro teku wai Ba'indiye ne zai koya min cin dawa.

Daga nan idona ya buɗe. Ashe rabin abin da ke tukunyar Mubashir na gidanmu ne. Ga kuɓewa suna soya ta da albasa, ga zogale a cikin miyarsu ta tsamiya, ga alayyafo, ga wani abu mai ɗaci da suke kira karela, ɗan'uwan garahunin da kakata ke jiƙa mana. Ga kuma dal, miyar ƙananan wake da ba a raba su da ita. Duk shekarun nan ina ture su gefe ina neman parota.

Na sayi ɗan littafi na zama malamin bincike a kan cikina. Parota huɗu, bayan awa biyu inji ya nuna ɗari uku da goma, alhali likita ta ce kada ya wuce ɗari da tamanin. Cikakken farantin biriyani, ɗari biyu da saba'in. Kin ji, shinkafar da na yi kwana casa'in ina gudu ta fi parotar tausayina! Akwai wata farar wainarsu ta turara, idili, da ganinta kamar ba za ta cuci kowa ba, ita ma ta kai ni ɗari biyu da arba'in, ashe ƙullun shinkafa ce. Dankalin da suke cusawa cikin samosa ma na kama shi. Ranar da na ci gurasar dawa biyu da dal da kuɓewa da dafaffen ƙwai, na ga ɗari da hamsin da takwas, sai da na sake huda wani yatsan don ban yarda ba.

A haka na tsara wa kaina doka. Rabin farantina ganye ne da kuɓewa, kuma da su nake farawa. Sai kaza ko kifi ko ƙwai, sai dal ludayi ɗaya, gurasar dawa ko ta gero ko cafatin garin alkama mai dusa ita ce ta ƙarshe, biyu kacal. In shinkafa ta ba ni sha'awa, cikin tafin hannuna nake ɗiba, ba na ƙarawa. Karak na sallame shi, na koma baƙin shayi ba suga. Nononsu mai zaƙi na bar shi, na kama mai gishiri, wanda yake kamar tsalar gida. Ina gama ci in zaga masauki da ƙafa minti ashirin. 'Yan ɗakinmu suka sa min suna Dakta, ni kuwa ko a jikina.

Watan jiya aka sake gwajin. Likitar ta juyo min da fuskar kwamfutarta. Shida da ɗigo takwas! Na tashi tsaye, na zauna, na sake tashi. An bar min sitiyarina, kilo tara ya sauka daga jikina, ɗamarar wandona sai da na ƙara mata huda biyu. Barcin da ke fizgata a kan titi bayan azahar ya tafi. Da na koma yadi na danna hon har mai gadi ya fito da gudu. Na kira matata muka yi ta kuka da dariya a waya. Mubashir kuwa na ba shi hulata zanna bukar, yanzu da ita yake juya tukunya. Na ci wannan yaƙin, Hajiya, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ga inda matsalar take. Bayan na gane gaskiyar parota, sau ɗaya na koma Juma'ar Kawu. Ya yago ya turo min kamar kullum, kunya ta sa na ci uku. A tashar jirgin ƙasa na gwada, na ga lambar da ta tsorata ni. Tun daga ranar ban sake zuwa ba, yau wata uku da wani abu. Wannan makon in ce aiki, wancan in ce mota ta lalace. Ƙarya dai nake masa, ba wani suna. Ya kai ƙarata wurin mahaifiyata a Kano, ya ce na samu wuri na manta wanda ya kawo ni, na koma Ba'indiye ina cin abinci da kuku. Ta kira ni ta wanke ni tas, ni kuma na kasa faɗa mata dalili.

Makon jiya na daure na je shagonsa a Naif in gaishe shi. Ya amsa min ciki-ciki, bai ko ce in zauna ba. A nan na ga ƙafarsa ta hagu cikin silifas, an naɗe babban yatsan da bandeji. Wai sabon takalmi ne ya goge shi, yau mako bakwai ke nan bai warke ba. Yana shafa zuma da man habbatus sauda, yana cewa abin ba komai ba ne tunda ko ciwo ba ya yi masa. A kan teburinsa kuma ga parota nan jere a leda. Maimakon in yi masa maganar, sai na ce Allah ya ƙara sauƙi na fito.

Ta yaya zan dubi mutum mai shekara sittin da uku in ce masa abin da ya shekara goma sha huɗu yana ci a matsayin magani, abin da ya girmama ni da shi a gaban jama'a, shi ne yake cin jikinsa? Kuma shi ne likitan 'yan Kano a Naif, duk wanda aka ce yana da suga wurinsa yake zuwa, na san mutum biyu da ya ɗora a kan parota bayana. In na faɗa a gaban mutane na kunyata shi. In na faɗa daga ni sai shi, zai ce yaron da aka gano wa ciwo jiya ne zai koya masa. In na yi shiru kuma, na ji ana yanke wa masu suga ƙafa, kuma ba zan taɓa yafe wa kaina ba. Har na yi tunanin in sa a tura masa bayanin likita ta wata lambar waya da bai sani ba. Ki faɗa min abin da zan yi, Hajiya, ina son Kawuna da ƙafarsa, ina kuma son wurina a kwanonsa.

Naki,
Direban Sonafur, Dubai

*

Ɗana Direba, wa alaikumus salam. Barka, barka, barka. Na yi shekara ashirin da shida ina aikin jinya kafin in ajiye, kuma waɗanda na gani sun zauna sun karanci cikinsu da littafi da biro kamar yadda ka yi ba su da yawa. Daga goma zuwa ƙasa da bakwai cikin wata uku aiki ne na gaske. Ka cancanci hon ɗin da ka danna, kuma ka gaishe min da Mubashir da hularsa. Sunan Dakta ma na bar maka shi na yau kaɗai.

Amma ka jera matsalolinka a juye. Ka sa maganar parota a gaba, ƙafa a baya. Ƙafar ce ta farko, kuma ba za ta jira Juma'a ba. Ciwon da ya yi mako bakwai a ƙafar mai suga bai warke ba, likita yake buƙata cikin makon nan. Rashin zafin da Kawu ke kwantar da hankalinsa da shi, shi ne ya fi tayar min da nawa, domin suga in ya daɗe yakan kashe jijiyoyin jin zafi, ciwo ya yi ta cin ciki mai shi bai sani ba. Zuma da habbatus sauda ba za su maye gurbin wanda zai buɗe bandejin ya duba ba. In ka tarar ƙafar ta kumbura, ko ta yi ja, ko tana wari, ko wurin ya fara baƙi, ko yana zazzaɓi, to a ranar za ku tafi, ba gobe ba. Kuma ka lura, ba ka buƙatar cin nasarar gardamar gurasa kafin a duba ƙafa.

Yanzu bari in tsaya wa Kawu kaɗan, domin shi bai rubuto ba. Fushinsa a kan hanya yake. Ya ba ka wurin da bai ba ɗansa ba, ka ɓace wata uku kana jera masa uzuri. Bai san komai game da injinka da littafinka ba, abin da ya gani kawai shi ne gefen kwanonsa ba kowa. Kowane dattijo haka zai fassara abin. Shawarar da ya ba ka kuma ba daga iska ya ɗauko ta ba. Shekaru da yawa mu kanmu a asibiti haka muke ce wa mutane, su rage shinkafa su koma alkama, kuma alkamar da aka niƙa da dusarta tana da nata amfanin. Inda aka kauce wuri biyu ne. An ɗauki alkama magani, wanda za a ci ba awo, alhali abinci ce mai sitaci kamar sauran. Sannan aka haɗa farar fulawa da garin alkamar gida aka yi musu kuɗin goro. Gidaje da yawa a Kano a kan wannan fahimtar suke har gobe.

Wannan ita ce ƙofar da za ka shiga ta. Ba za ka je ka ce masa ya yi kuskure shekara goma sha huɗu ba. Ce masa za ka yi gurasar ƙasar nan ba alkamar da ya sani a gida ba ce, an cire mata dusa, kuma ta cuce ku ku biyu. Gaskiya ce tsagwaronta, kuma ta bar masa girmansa.

Ka je gidansa da kanka gobe ko jibi, lokacin da ba kowa. Maganar lambar da bai sani ba ka manta da ita, wulaƙanci ne, kuma zai gane kai ne. Ka durƙusa ka fara da ban haƙuri, ka faɗa masa ƙarya ka yi ta yi masa, kuma kunya ce ta sa. Sannan ka miƙa masa littafin nan naka. Kada ka yi masa wa'azi, labarin kanka za ka ba shi: abin da ka ci, lambar da ta fito, yadda aikinka ya kusa kuɓucewa. Ɗan kasuwa ne, ya san karatun lamba, ka bar shi ya juya shafukan da hannunsa. Bayan haka ka roƙe shi abu ɗaya, ka ce ƙafar nan ta hana ka sukuni, kana so ku je tare a duba ta, kai za ka tuƙa shi. Ka faɗa masa a fili inda za ku da abin da za a yi, ban yarda ka yaudare shi zuwa asibiti ba.

In ya ƙi, kana da makamin da ka manta da shi. Mahaifiyarka yayarsa ce. Abin da kai ba ka isa ka faɗa masa ba, ita a waya ɗaya za ta faɗa, ya kuma ce to. Ka kira ta ka warware mata komai daga farko har ƙarshe, har da bandejin. Dama tana da haƙƙin ta san dalilin da ya sa ta yi maka faɗa a kan abin da ba ta da cikakken labarinsa.

Sai kuma gargaɗina gare ka, Dakta. Ka yi hankali kada ka zama sabon Kawu, ka sauke alkama daga kujerar magani ka ɗora dawa. Dawa da gero da tamba duk sitaci ne, sun dai fi tafiya a hankali in an bar musu dusarsu. Gurasar dawa biyar za ta kai ka kusa da inda parota ta kai ka. Awon da kake yi da ganyen da kake farawa da shi da tafiyar ƙafar nan, su suka yi maka aiki tare da ƙwayar likita. Karela ma kayan miya ne, ɗacinsa ba ya sa ya zama magani. Kuma lambobin littafinka na jikinka ne. Kawu ya daɗe da ciwon, ba mu san irin maganin da yake sha ba, in ka rage masa abinci farat ɗaya sugansa na iya faɗuwa ƙasa, wannan ma hatsari ne. Likita ne zai daidaita masa abinci da magani tare. In ya nemi gwada injinka, a sa masa sabuwar allura, ba a haɗa ta da kowa.

Kai ma ba warkewa ka yi ba, riƙe linzamin ciwon ka yi. Kada murna ta sa ka ajiye ƙwaya. Rayukan mutane kake ɗauka a bas, saboda haka kada ka tuƙa da yunwa, kuma ka ajiye dabino uku kusa da hannunka. In ka ji rawar jiki ko gumi mai sanyi ko jiri, ka faka ka ci, ka gwada, ka kuma sanar da likitarka. A duba maka ido duk shekara, ka riƙa leƙa tafin ƙafarka kullum in ka zo alwala.

Juma'a mai zuwa kuma ka koma wurinka. Ka roƙi Mubashir ya gasa maka gurasar dawa da ɗuminta, ya haɗa da kuɓewa da dal, ka naɗe ka kai a matsayin tsaraba. Ka wanke hannu ka zauna inda Kawu ya zaunar da kai. Ka zuba a kwanon samirar nan, ka yago ka tura masa gefensa kamar yadda ya yi maka. Dattijon Kano da ya yi shekara da shekaru bai ji ƙamshin dawa ba, ba na jin zai ture hannunka. In kuma bayan mako biyu ka ji yana ba 'yan tire labarin wata gurasar dawa da ya gano, har yana cewa dama shi ya daɗe yana zargin parota, ka gyaɗa kai ka ce haka ne, Kawu. Ta bakinsa ne mutum biyun nan da sauran 'yan Naif za su ji, ba ta naka ba.

Shi ya riƙe hannunka ya shigo da kai ƙasar nan, yanzu kai ka riƙe nasa zuwa asibiti. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka sitiyarinka, ya ba Alhaji Ɗantani sauƙi, ya nuna maka Juma'ar da zai sa takalmansa duka biyu ku taka tare zuwa masallaci.

Hajiya Mahfuza